Jinin Barsu Ya Tafi Sinnar

Ranar Lahadi Dakta Awadiyya ta zo da jakarta,
ta aske masa ɗan wuri a ƙafar gaba,
ta zuƙi jini cikin kwalabe biyu ƙanana.
Ta ce, "Ko dai cutar kaska, ko kuma ƙoda.
In kaska ce, akwai allura."
Ba ta ƙarasa ɗaya rabin maganar ba,
ni ma ban ce ta ƙarasa ba.
"Alhamis zan kira ka, Baba Haruna."

Jininsa ya hau mota ya tafi birni,
shi da bai taɓa wuce kasuwar Mai Wurno ba.

Yana nan ƙarƙashin rumfa
kan tsohon buhun dawa da na ninka biyu,
ana ƙirga haƙarƙarinsa tun daga ƙofar gida.
Shekara goma sha huɗu ke nan
da na tsince shi a bakin kogi,
damunar da ruwa ya cinye mana ayaba,
jiƙe sharkaf, bai fi takalmina tsawo ba.
Aka ce me mai iyali zai yi da kare.
Na ce a bar su.
Sunan ya bi shi.

Faki Jibir ya ce karen gona ba laifi,
ka dai wanke hannu, kada ya shiga ɗaki.
Bai taɓa shiga ba.
Ya san dutsen bakin ƙofa fiye da wasu baƙi.

Litinin ya ƙi kisra da na jiƙa masa da madara.
Ya shinshina, ya kau da kai
a hankali, don kada in ji kunya.
Batula, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba
sai dai "wancan naka",
ta kawo romon kaza a tsohon kwano,
ta ajiye kusa da hancinsa,
ta ce ai tsintsiya ta zo ɗauka.
Ta koma ba tsintsiyar.

Talata birai suka sauko wa mangwaro.
Kunnensa ya miƙe tun kafin in ji su.
Ya yunƙura,
ƙafafun gaba suka yarda,
na baya suka ƙi.
Ya dube ni.
Na kwashi duwatsu na shiga lambu ina ihu,
tsoho da furfura yana aikin kare,
kuma ban iya ba kamar yadda ya iya.

Daren Laraba na jawo gadona waje.
Injin ban-ruwan maƙwabci ya yi shiru,
sai kwaɗi, sai numfashinsa,
shiga da ƙyar, fita da ƙara.
Na kama kaina ina ƙirgawa a gaɓoɓin yatsu.
Na ɓata lissafi a ɗari da wani abu,
na sake daga ɗaya.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba.
Jiya da la'asar na tsaya gindin lemun tsami
na taka ƙasar wurin, na ji tana da laushi.
Na yi saurin barin wajen
kamar an kama ni da sata.

Shi bai san Sinnar ba,
bai san akwai takarda da sunansa a kai ba.
Ya san inuwa ta matsa, a ja masa buhu.
Ya san hannuna a bayan kunnensa.
Jiran nawa ne ni kaɗai.

Yanzu an idar da asuba.
Batula na daka bunnu, ƙamshin ya cika tsakar gida.
Na tura masa kaskon ruwa,
ya lasa sau uku, na ƙirga.
Wutsiyarsa ta bugi buhu sau ɗaya,
ƙaiƙayin bara ya tashi kaɗan.

Wayar na kan gado, fuskarta sama.
Na duba caji.
Na sake dubawa.