Jerin Lurwanu Mai Caji

Tun gero bai fid da kai ba
Lurwanu mai cajin waya ya fid da jerinsa.
A bayan takardar siminti ya rubuta,
ya kafe ta da ƙusa huɗu a ƙyauren shagonsa:
makarantu goma sha ɗaya na ƙasar Jahun,
kowacce da lambarta, kamar buhuna ranar kasuwa.

Ta ɗaya, Aujara.
Dalili, suna da Kallamu mai ƙafar hagu,
wanda bara ya karya sandar ragar Harbo
har mai itacen ya zo neman diyya.
Lurwanu bai ji ba tukuna
yaron na Fatakwal tun bayan Sallah,
yana jiran shagon kawunsa.
Ni na ji, uwarsa maƙwabciyar ƙanwata ce.
Na yi shiru.

Ta biyu, Harbo, don sababbin riguna.
Kansila ya ɗinka musu, ruwan ganye,
sunansa a gadon baya, hotonsa a ƙirji.
To, riga dai ba ta buga kwana.

Ta uku, Gunka, wai golansu dogo ne,
daga tsaye yake tsinko tsamiya.
Gaskiya ne. Amma a ba shi ta ƙasa:
kafin ya sunkuyo, ta gaisa da raga ta huta.

Na bi da yatsa, da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci,
na huɗu, na bakwai, na tara,
har na durƙusa.
Ga mu can, daf da ƙusar ƙarshe,
inda tsatsa ta zubo ta ci rabin sunanmu.
An rubuta: ba koci, ba benci,
ƙwallo ɗaya, ita ma da faci.
Ban yi musu ba. Ni na yi facin.

Ni ne mai zuba toka a layi.
Shekara goma sha tara ina auna filin nan da ƙafa,
ɗari da goma daga kuka zuwa suri,
saba'in daga darni zuwa hanyar shanu.
Yanzu gyaɗar hedimasta ce a ciki.
Da'irar tsakiya na fure ruwan ɗorawa,
wurin fenareti kuɓewa ta kai gwiwa,
kuma babu mai hura usur
sai an tuge, an sheƙe, an kai rumbu.

Amma ina fita da asuba, ina ganin abin da nake gani.
Cindo na gudu da jarka biyu daga famfo,
sawu shida, bai tsaya ya sauya hannu ba.
Tagwayen gidan Nomau na maimai a jigawa,
ɗaya bai ɗago ba ya san inda ɗaya yake.
Shi kuwa Ilu, ɗan ƙanƙane kamar tsada,
jiya ya tare bunsuru a tsakiyar tsalle,
ya faɗi da shi, bai saki ba.
Wannan ba a rubuta shi a siminti,
waya ma ba ta kawo labarinsa.

Na ce, Lurwanu, me ka auna?
Ya ce, lissafi ne, Baba Tsalha, haka manya ke yi a birni.
Na ce, to, ba a san maci tuwo ba...
Ya ce, ku miyar ma ba ku da ita.
Aka yi dariya. Ni ma na yi,
na biya kuɗin cajina na tafi.

Ran Laraba akuyar liman ta zo karatu.
Daga ƙasa ta fara, inda bakinta ya kai.
Mu ta soma cinyewa, ta bi da na goma,
ta miƙa wuya, Gunka ta fi ƙarfinta.
Yanzu a ƙyauren nan babu na ƙarshe.

Na dawo gida na ce wa Talle
kada ta zubar da tokar yau.
Buhu uku na tara a zaure.
Saura biyu layi ya zagaye.