Gadon Haƙa

Gidanmu ba a bar mana gona ba, ba a bar mana garke ba,
rami muka gada.

Bawa Mai Dagi, kakan babana,
shi ya haƙe rijiyar bakin kasuwar garinmu,
gaba goma sha ɗaya, babu siminti,
har yau guga na sauka.
Ɗansa Cindo ya karɓi dagin da igiyar.
Shi ƙasa yake ɗanawa a harshe,
ya lumshe ido, ya ce a ci gaba, ko a tashi.
Wata Laraba rijiya ta rufta da shi,
aka yi masa salla a bakinta.

Babana, Nomau, yana da sha bakwai.
Ya rantse shi da rami sai ranar da za a sa shi.
Da aka yi shelar ɗaukar soja
ya ɗare motar gyaɗa, ya dira a Kano,
aka auna masa ƙirji, aka aske shi ƙwal,
aka ba shi lamba maimakon sunan ubansa.
Ranar da suka isa bakin daga,
abin da saje ya fara miƙa masa,
shebur.

Ya ce ƙasar can ja ce, kuma ba ta da rowa,
kafin ka kai gwiwa ruwa ya tarye ka.
Wata talatin yana haƙa wa masu rai maɓoya,
da safe ya faɗaɗa ta ga waɗanda ba su tashi ba.
Ya rufe Bulus mutumin Kagoro, mai raba masa taba.
Ya rufe wani yaro na ɗaya ɓangaren,
ba takalmi, ba suna,
sai cokali a aljihu.
Iyakar abin da ya taɓa gaya mana ke nan,
shi ma sai da zazzaɓi ya kwance masa baki.

Ya dawo da igiya biyu a kafaɗa, kunne ɗaya a toshe,
da ɗan ƙarfe a cinya mai riga kowa sanin hadari.
Ya tarar an binne uwarsa, an sayar da dagin.
Kwana tara ya yi a garin.

A Rijiyar Lemo ya kama haya,
wai sunan ne ya ja shi.
Nan ya auri Tasalla, 'yar marina, mai baƙin farce,
ta haifa masa mu shida, huɗu muka tsaya.
Ya yi gadin masaƙa a Bompai har injuna suka yi shiru,
ya bi layin tantance 'yan fansho
har hoton katinsa ya daina kama da shi.
In taya ta fashe a titin Katsina
sai ka ga Kofur ya nemi bango.
Amma a ce an yi rasuwa a unguwa,
kafin a gama wanka ya gama kabari,
bai taɓa karɓar ko ficika ba.

Ni injin burtsatse nake ja.
Sau ɗaya ya biyo ni aiki Ɗorayi,
ya tsuguna, ya lakaci laka, ya kai baki.
"Saura gaba biyu," in ji shi.
Injiniya ya yi dariya.
Bai rufe baki ba rigarsa ta jiƙe.

Ranar da ya cika, yaran da ya koya wa haƙa
suka kusa dambe kan wa zai fara sara.
Na karɓe digar, na ce gado ne.
Ƙasar ta yi taushi, kamar ta san hannun.

A akwatinsa na kwano mun sami lambar yabo ta yi tsatsa,
katin fansho, rasit ɗin haya na shekara arba'in,
da cokali, naɗe a ƙyalle.
Yana nan a ɗakin Inna.
Ba ma ci da shi,
ba mu kuma san wa za mu mayar wa ba.