Garin da Tama Ta Rina

Kakata Aune ba ta shanya ranar Talata.
Ranar ce jirgin tama ke shigowa daga arewa,
iska ta kwaso jar ƙura daga mashigi
ta barbaɗa wa zanin gado, ta barbaɗa wa madara.
Kyanwar gidanmu ma a haihuwa kaɗai ta yi fari.

Garin nan ba wani jarumi ya kafa shi ba.
Ƙaramin kogi ne ya faɗa tafkin Erie,
wani ya zura gora ya auna zurfi
ya ce jirgi zai tsaya.
Sai layin dogo ya biyo baya, sai mutane:
'yan Finland da gatarinsu,
'yan Hungary da jan barkono a ƙunshi,
'yan Italiya da saiwar inabi a jiƙaƙƙen tsumma.
Kowa ya gina cocinsa, ya juya wa na maƙwabci baya,
amma shebur ba ya jin yaren kowa.

Kakana Eino yana ɗan sha huɗu ya sauka cikin jirgi,
ya fito da furfura da tari.
Abokinsa Gergely bai fito ba:
santsin ƙanƙara, tsakanin jirgi da bango,
wata asubar Disamba.
Matarsa Piroska ta raba falo gida uku ta zuba 'yan haya,
ta yi shekara talatin tana dafa kabeji
ba ta ƙara kallon ruwa ba.

Jiniyar maƙera ita ce agogonmu.
Ƙarfe shida ta tashe mu, ƙarfe uku ta sako iyayenmu
baƙi ƙirin, haƙora kawai ke haske.
Shekarar da aka ɗaure ƙofar da sarƙa da kwaɗo
jiniya ta yi shiru,
amma karnukan unguwa sun fi wata guda
suna haushi ƙarfe shida daidai.

Yanzu ciyawa ta cinye layin dogo rabi.
A tsohon ofishin biyan albashi
jikar Concetta na sayar da kofi da burodi mai zafi
ga baƙin da ke zuwa ɗaukar hoton tsatsa.
Samari sun bi hanyar kudu, sai Kirsimeti.

Mutanenmu ba su da yawan gaisuwa.
Sai dai ka wayi gari dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa,
ka leƙo ka ga an share,
ba wanda zai ce shi ne.
In tsohuwar gada ta ɗaga don kwalekwale ɗaya tal,
motoci su jeru, kowa ya kashe inji,
ba mai danna oda.

Jiya Talata na yi shanya a igiyar Aune.
Da yamma na kwashe, fari fat, ba ɗigon ja.
Na daɗe tsaye da kwando a hannu
ina duban tafki, ko hayaƙi zai ɓullo.