Dusa Biyu

Ƙarfe bakwai na safe a Oulu, gari bai san ya waye ba.
Dusar ƙanƙara na sauka a kan kekunan maƙwabta,
ni kuma ina kicin, ina auna tawa dusar:
giram goma sha takwas na garin sha'ir,
rabin tuffa da ɓawonta,
yankan baƙin burodi mai kaurin yatsa.
Touko ya ci loma uku, ya shafa sauran a kansa.
Na ɗauki biro.
Takardar asibiti ba ta bar gurbin gashi ba.

Kwana uku a jere nake wannan lissafi duk sanda suka nema,
har wake ɗaya da ya faɗi ƙarƙashin kujera
sai na durƙusa na gani, ko an ci, ko an yar.

Yayarsa Kaisla shekararta bakwai.
Tana da huɗu garkuwar jikinta ta juya mata baya,
kamar karen da ka raina tun yana kwikwiyo
ya wayi gari bai gane mutanen gida ba.
Ƙishirwa ce ta fara sallama.
Kofi bayan kofi, sai jiƙa shimfiɗa, sai rama,
sai daren da muka bi motar asibiti a kan titi mai santsi.
Yanzu wata 'yar na'ura ce manne a damtsenta,
takan yi ƙara tsakar dare in sukari ya faɗi,
mu tashi a gigice, mu laluɓo ruwan lemo cikin duhu.

Marjukka, matata, ta daɗe tana tonon tsofaffin tukwane:
ko yaye muka yi da wuri,
ko farin burodi ne ya yi yawa a lokacin da nake aikin dare.
Na ce mata da-na-sani ƙeya ce.
Ta ce to, ita ƙeyar ce ke mata ciwo.

Na tambayi nas Ritva ranar ɗibar jini,
na ce, gaya mini gaskiya, harzar nan tana karewa?
Ta liƙa auduga a hannun yaron kafin ta ɗago.
Ta ce, "Ƙananan halittun hanji suna son harza, wannan mun sani.
Ko ƙoshinsu na hana garkuwa cin gida,
shi ne muke nema, ba mu kama ba tukuna.
Don haka kar ka gyara mana takarda.
Ranar da ya ci alewa, rubuta alewa."

An ce rigakafi ya fi magani.
Ba a faɗa mana yadda ake tare ƙofar
da ba a san ko ta gabas ce ko ta yamma ba.

Mahaifiyata Aune ta zo da guga cike da 'ya'yan itacen daji,
waɗanda ta tsinko da bazara ta daskarar.
Ta ce su da baƙin burodi da dankali suka tashi,
ba a san wannan ciwo a gidansu ba.
Na ce, Veikko fa, ƙanenki,
da kika ce ya bushe kamar kara yana ɗan shekara tara?
Ta yi shiru.
Ta ci gaba da tsince ganye daga cikin gugan.

Sakamakon jinin Touko sai nan da mako uku.
Farar ambulan ce, na san nauyinta,
na kuma san yadda nake buɗe ta a tsaye, da rigar sanyi a jikina.

Kaisla ta karɓe cokalin daga hannuna.
"Baba, ba haka ake yi ba."
Ta yi kukan jirgin ƙasa, ya buɗe baki.
Huɗu. Biyar.
Na soke ukun da na rubuta.
A waje motar share hanya ta wuce,
kafin ta sha kwana, an sake rufe bayanta.