Ido Na Uku

A Bergen ruwan sama ba ya hutu.
Eldbjørg ta durƙusa gaban motar lantarkinta,
gwiwa kan kwali, tocila a baki.
Motar ba ta tari, ba ta gurnani,
haka bara ta lallaɓa ta murƙushe
tukunyar furen marigayi mijinta.

Kyamarar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.
Ta liƙa ta ƙarƙashin lamba.
Jar waya ta ƙi shiga, ta zage ta,
ta ba ta haƙuri, ta sake turawa.

Allo ya haska:
ga bango, ga bakin dakali,
ga zoben da tukunyar ta bari,
siminti bai manta ba.

Ta taka birki, saura taku ɗaya.
Nan take tsayawa yanzu, kullum.