Akwatin da Torquil Ya Ƙetarar

A aljihun teburin Ishbel akwai wata taswira,
ta sha ninki har ta tsage a gaɓoɓi.
Jan layi ya kewaye duwatsun arewacin Scotland,
ya bi ta kan teku kamar teku gonar gado ce.
An rubuta a sama: Tuddai da Tsibirai.
Mazaɓa ce. Ko kuwa in ce, ta taɓa zama.

Alhamis ake yi, cikin Yuni.
Ita ke zama a ajin 'yan firamare,
fensir ɗaure da zare,
tana soke sunan duk wanda ya shigo
ruwan sama na ɗiga daga hularsa.
Mutum arba'in da ɗaya a rajista.
Sha tara suka zo.
Ɗaya ma cigiyar tunkiya ta kawo shi.

Da rana ta gama jan ƙafa ta faɗi,
Torquil ya rungumi baƙin akwati,
ya kwantar da shi a jirgi tsakanin igiya da kwandon ƙaguwa,
ya tuɓe rigar ruwansa ya lulluɓa masa.
"Ni na saba jiƙewa," in ji shi, "takarda ba ta saba ba."

A babban tsibiri ba a ƙirga komai ran Lahadi
sai zunubi.
Ƙuri'u suka kwana har Litinin.

Bai taɓa ganin Strasbourg ba,
ko sunan ma sai ya tauna kafin ya fito.
Amma can ake zancen kifin da zai kama,
kuma ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Wata shekara aka goge layin,
aka zuba su cikin ƙasa guda kamar gishiri a miya.
Bayan shekara ashirin da ɗoriya
kujerun ma aka kwashe.

Yanzu makarantar masaukin 'yan hutu ce.
Torquil na kwance bayan coci, ƙafafunsa na duban ruwa.
A bakin gaɓa akwai shuɗin allo mai taurari,
iskar gishiri ta cinye huɗu.

Jikar Ishbel ta ce, "Kaka, a jefar da wannan?"
Ta karɓa, ta shafe ninkin da tafin hannu,
ta nemi tsibirinsu da farce.
Ga shi nan, bai kai ƙwayar gero ba,
a cikin layin.