Gurnani a Ƙafar Hagu

Wata uku tana yi mini magana,
ni kuwa ina ƙara wa rediyo murya.
Daga Aboabo zuwa Tafo, ƙasa-ƙasa,
kamar zuma ta yi gida a tulu.
In na karya kwana dama sai ta ɗaga harshe,
in na karya hagu ta yi tsit,
irin shirun mai bin bashi da ya tarar da baƙi.

Ran Talata, a Kejetiya,
wata tsohuwa mai kwandon gauta ta dafa kafaɗata.
Ta faɗa da Tonanci, ta maimaita da Hausa
don kada in ce ban ji ba:
"Direba, motarka kuka take."

Suwame.
Ƙasar nan ta sha baƙin mai har ta manta launinta.
Masta Gariba ba ya ji,
shekara arba'in na guduma sun cinye kunnen.
Na yi ta bayani, yana kallon bakina kawai.
Ya sa Kwabina ya tokare tayar baya da dutse,
jak ya ɗaga hancin motar.
Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza,
ta amsa: ƙwas, ƙwas,
kamar haƙorin da ya gaji da zama.
Sai ya ɗora tafinsa a kan sifirin,
ya juya tayar, ya rufe ido.
"Boris," in ji shi. "Ya daɗe yana roƙonka."

Noti biyar a gwangwanin madara.
Kan birki an rataye shi da waya
don kada nauyinsa ya tsinke jijiya.
Faifai ya fito, an jingine shi da benci.
Babban noti na tsakiya ya ce ba inda za shi.
Aka zura wa sifana dogon bututu,
Kwabina ya hau da ƙafa biyu
yana kiran sunan kakarsa,
sannan ya saki, da ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.

Cibiyar kuwa tsatsa ta ɗaura mata aure da mazauninta.
Sai da guduma ta shiga tsakani.

Ya miƙo mini ita a hannu, da ɗuminta.
Na juya. Ƙurus-ƙurus, kamar tsakuwa a shinkafa.
Giris ya bushe, ƙwayoyin duk sun yi zanzana.
A kan wannan na ɗauki rai goma sha huɗu,
sawu takwas kullum,
har da masu goyo.

Akwai na gwanjo, akwai sabo a kwali.
Na lissafa kuɗin makarantar Ladidi sau biyu,
na dubi zanzanar nan,
na ce a kawo na kwali.

Ya goge mazaunin da takarda mai ƙaiƙayi
har ƙarfe ya nuna farin fuskarsa,
ya shafa giris kaɗan da ɗan yatsa,
sabuwar ta zauna ba gardama.
Wajen ɗauri bai bar wa yaro ba.
"In ya yi yawa ya ci kansa,
in ya yi sako ya ci ka."

Hanyar Mamfon da la'asar.
Ba gurnani.
Ina jin silalla a tafin yaron mota,
ina jin wani yana ɓare gyaɗa a kujerar ƙarshe.
Ban kunna rediyo ba.

Tsohuwar cibiyar na kai gida,
Ladidi ta mai da ita abin murzawa a tsakar gida
har barci ya kwashe ta.
Da dare ya raba, unguwa ta yi shiru,
sai na ji tarin Inna ta bayan bango,
ƙasa-ƙasa.

Na tashi zaune.
Na fara ƙirga watanni da yatsa.